Rabon Gwaggo Odile a Dajin Gari

Fiye da shekara talatin Gwaggo Odile ta yi tana wasa wa mazan ƙauyenmu sarƙar zarton inji, amma ban taɓa jin wanda ya kira abin sana'a ba. In zarto ya dakushe, cewa kawai ake yi, "Kai wa Odile." Mutum zai rataye sarƙarsa a ƙusar ƙofar rumfarta da safe, ya dawo da yamma ya tarar da haƙoran suna ƙyalli. Wani ya ajiye ƙwai, wani kwalbar zuma, da yawa kuma sai dai su ɗaga mata hannu daga kan tarakta.

Yayar mahaifina ce. Da ƙuruciyarta ta auri Lucien Marchal, mai saran itace a dazuzzukan yankinmu na Haute-Marne a ƙasar Faransa, kuma ba don sha'awa ta fara riƙe magagari ba. Girgizar inji ce ta kashe wa mijinta yatsu. Da sanyi ya shigo sai su yi fari fat, ba ya jin ko tsinin allura, magagari yana suɓuce masa. Shi ya zaunar da ita ya nuna mata, yana faɗa tana ramawa. Kafin shekara ta zagayo maƙwabta sun lura zarton Lucien yana watso ɓarɓashi manya-manya, nasu kuwa gari yake fitarwa kamar na alkama. Daga nan ƙusar ƙofar ba ta sake hutawa ba.

Ta san kowa ta sarƙarsa. Régis Humblot, shugaban kwamitin daji na ƙauyen, shi ya fi kowa shan baki.

"Shugaba, itace kake yankawa ko dankali kake tonowa? Dubi haƙoran nan, ƙasa ce fal."

"Ke dai wasa mini, Odile. Kuma ki rage mini tudun nan kaɗan, zarton ba ya ci."

"Ba zan rage ba."

"Haba! Sarƙar wa?"

"Taka. Fuskar ma taka ce, amma matarka ce za ta riƙa kallonta."

Tudun da yake magana ɗan ƙarfe ne da ke gaban kowane haƙori, shi ke hana haƙorin nutsewa cikin itace fiye da ƙima. In aka goge shi ya yi ƙasa, zarto yakan ja kansa da kansa, aiki ya yi sauri, hannu ya huta. Sai dai yakan koma mai cafka, kuma in hancinsa ya taɓa wani abu, sai ya yi tsalle ya dawo kan mai riƙe da shi. A ɗanyen itace mutum kan tsira da wannan gangancin. A busasshe, in ji Gwaggo, ba a ma fara shi. Duk ƙauyen babu wanda bai taɓa roƙonta ta rage masa ba, babu kuma wanda ta yi wa.

Da Lucien ya rasu, kowa ya zaci za ta haƙura da rabon daji. Kowane gidan da hayaƙi ke fita daga bututunsa a ƙauyen yana da rabo a dajin gari. A jefa ƙuri'a a Nuwamba, ka sare abin da ya faɗo maka, ka fitar da shi kafin tsakiyar Afrilu, in ba haka ba ka rasa shi. Ita kuwa ta ɗauki zarton mijinta ta shiga daji, ta haura shekara sittin. Tana dawowa da yamma kuma ta tarar da sarƙoƙin mutane a ƙusa, ta zauna ta wasa.

Ɗa ɗaya gare ta, Fabrice, yana aiki a Dijon. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Gidan babu abin ɗumi sai murhun itace, kuma shagon da ya fi kusa sai an shiga mota. Bara, ranar da muka dawo daga kai furanni kabarin Lucien, ya ajiye cokali ana cikin cin abinci.

"Mama, na gaji da kwana da waya a gefen kunne. Akwai ɗaki a benen da ke kusa da mu, da lif, da abin ɗumama ɗaki."

"Maƙabarta fa, tana ƙasa ko sai an tsallaka titi?"

"Ba wasa nake ba. Mu yi yarjejeniya. Duk shekarar da kika kasa yin itacenki da kanki, ita ce ta ƙarshe a gidan nan."

"Da kaina."

"Da kanki. Ba Régis ba, ba surukan Régis ba."

"Na yarda," ta ce, ta tura masa farantin cuku.

Shi a ganinsa ya gama da maganar, don ya san shekarunta. Ita ma a ganinta ta gama, don ta san zartonta.

Ina wurin aka yi. Na gama jami'a a Nancy a wannan shekarar, na yi ta neman aiki shiru, har na daina iya zama ni kaɗai a ɗakin da nake haya. Gwaggo ta ce in zo in zauna da ita zuwa abin ya warware. Ba ta taɓa tambayata yaushe zan tafi ba.

Ranar ƙuri'a, a ofishin magajin gari, aka zuba lambobi a hular Régis kamar kullum. Gwaggo ta sa hannu ta ciro gangaren da ke bayan tsohon wurin fasa dutse. Kowa ya san abin da ke can: manyan itatuwan chêne masu taurin gaske da farin shekarun baya ya kashe, suna tsaye babu ɓawo, sun bushe ƙarau, ƙurar dutse ta shiga duk wata tsaga da ke jikinsu.

Wani ya yi fito daga baya.

"Odile, ƙashi kika jawo, ba itace ba."

"Ai ya faɗa hannun da ya dace," in ji wani. "Ita ba sai ta kai wa kowa sarƙa ba."

Aka yi dariya. Ana iya musayar rabo in mutum biyu sun yarda, ana yi kusan kowace shekara. Na dubi mazan nan ɗaya bayan ɗaya, masu tarakta da 'ya'ya maza. Kowa yana duban lambarsa.

"Ƙuri'a ƙuri'a ce," in ji Régis, yana mayar da hularsa.

"Wa ya ce ba ita ba ce?" in ji Gwaggo. "Ku da ɗanyenku sai kun jira shekara biyu ya bushe. Ni nawa gobe zan hura."

Washegari muka je Langres sayen sarƙa. Saurayin da ke shagon ya ɗauko mata wata mai haƙora masu kusurwa tsaf kamar bakin kurfin kafinta.

"Kaka, wannan ita ce mai gudu. Ƙwararru ita suke saye."

"Kakarka tana gida. Wannan ta ɗanyen itace ce. In ta shiga busasshen chêne mai ƙura, kafin in gama gungume ɗaya tsinin ya tafi."

"To ga mai ƙarfen nan da ba ya dakushewa."

"Babu ƙarfen da ba ya dakushewa. In ya dakushe da me zan wasa shi?"

"Sai ki kawo mana, muna da inji."

"In baro daji in zo Langres in jira ka gama cin abinci? Ba ni waccan, mai zagayayyen baki."

Waccan ba ta da gudu, amma tana riƙe kaifi. A gida ta sake wasa ta duk da sabuwa ce, ta ɗan kwantar da bakin haƙoran don kada su yi tsini da yawa su fashe, tudun kuwa ta bar shi yadda ya zo. Sarƙa ce ta mai haƙuri, tana cin kaɗan-kaɗan.

Kafin Kirsimeti ta kayar da itatuwan duka. Kayarwa ba ita ce wahalar ba. Wahalar ita ce yanyanka su gunduwa-gunduwa. Da sassafe, in gari bai gama haske ba, har tartsatsi ake gani yana fita daga cikin itacen. Duk lokacin da mai ya ƙare a tankin, kafin ta zuba wani, sai ta zauna a kututture ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, shafa biyu ko uku kowanne, tana turawa gaba, ba ta jawowa baya. Ta ce wanda ya jira sai zarto ya fara fitar da gari ya riga ya makara. Ni aikina ɗauka da jerawa. Ba ta taɓa barina na riƙe zarton ba, ni ma ban nema ba, tsoronsa nake ji.

"Ba karya yarjejeniya muke yi ba?" na tambaye ta ranar farko.

"Sara ya ce, bai ce dako ba. Ɗauki wancan, ki lanƙwasa gwiwa, ba baya ba."

Gungumen da a ɗanye za ta raba kafin a sha kofi ɗaya, a nan sai ta tsaya a kansa ta danne, ta danne, nauyin injin yana rataye a hannun hagu. A Janairu kafaɗar ta fara ciwo. Ba ta faɗa ba, na gani ne lokacin da ta koma sa riga ta hannu ɗaya tukuna. A Fabrairu ruwa ya yi ta zuba makonni, gangaren ya zama santsi, ko tsayuwa ba a iya yi. Fabrice yana bugo waya duk Lahadi.

"Ya itace, Mama?"

"Yana gaishe ka."

Maris ya zo ƙarshe, kusan rabin rabon yana kwance. Ban gaya mata ba na tafi gidan Régis. Na same shi a tsakar gida, nasa itacen ya daɗe da shigowa, an jera an rufe.

"Baba Régis, a ƙara mata kwanaki mana."

"Yarinya, in na ƙara wa Odile sai na ƙara wa kowa. Bayan tsakiyar Afrilu tsiro ya fito, tarakta zai tattake shi. Ba ni na kafa dokar ba."

"To ku zo ku taya ta. Fabrice ba sai ya sani ba."

"Ta ce mu zo?"

"Ka san ba za ta ce ba."

"To kin gani. Ba a shiga rabon mutum sai ya kira. In na je da zartona ba ta kira ni ba, wallahi da magagari za ta jefe ni." Ya yi dariya, ya leƙa cikin rumfarsa. "Af, tunda gida za ki, tafi mata da waɗannan. Ki ce ba na sauri."

Sarƙoƙi biyu ya miƙo mini. Na karɓa, don ban san yadda ake ƙin karɓa ba.

Gwaggo ta gan su a hannuna, ta gane inda na je. Ta ɗaure ta farko ta wasa, ta wasa ta biyu, da hannu ɗaya da rabi, ta rataye masa su a ƙusa. Sannan ta ɗaure tata. Ta ajiye zagayayyen magagarin da ake wasa haƙora da shi, ta ɗauko mai faɗi, ta ɗora a kan tudun farko.

"Gwaggo, ba wannan kika hana Régis ba?"

"Régis jaki ne. Ni na san abin da nake yi."

"Ke kika ce a busasshe ba a ma fara shi."

"Lokacin da na faɗa ina da kafaɗa biyu."

"Mu kira Fabrice, mu gaya masa ruwa ne ya hana, mu ce..."

"Mu ce me? Ya zo da mota da kwalaye?" Ta busa ƙurar ƙarfen, ta matsa zuwa tudu na gaba. "Noémie, in za ki tsaya mini a ka kina murza hannu, je ki ɗora ruwan kofi."

Dole in faɗi gaskiya, kwanakin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a duk lokacin sanyin. Zarton yana shiga itace da kansa, ita kawai riƙewa take yi. Rana ta fito. Ta riƙa 'yar waƙa tsakanin gungume da gungume, ta ci burodi da cuku a kan kututture tana lilo da ƙafa. Ta ce in muka gama za ta kai ni Langres ta saya mini takalmin mutane in daina yawo da na Lucien. Har na fara yarda cewa ni ce mai yawan tsoro.

Saura manyan da ke ƙasan gangare, inda gungume biyu suka faɗi ɗaya a kan ɗaya. Safiya ce, ina ɗauke da gunduwa na juya mata baya. Ƙarar injin ce ta canza, wani irin tari guda ɗaya, sai shiru. Da na juyo tana zaune a ƙasa, zarton yana gefe. Hancinsa ya taɓa gungumen da ke baya. Rigarta a buɗe take daga kafaɗar hagu zuwa gindin wuya.

"Kar ki yi ihu," ta ce. "Ba ni gyalenki."

Na danna mata shi a wurin, ya jiƙe nan take. Waya ba ta kamawa a ƙasan gangaren, sai an hau sama bakin hanya. Na san haka, ita ma ta sani. Na kasa ɗauke hannuna.

"Tafi mana, me kike kallo? Ni zan riƙe."

Na bar ta na hau da gudu, ina zamewa ina tashi. Ban san ko zan dawo in same ta da rai ba. Wannan gudun shi ne har yanzu bai ƙare mini ba. Na samu aiki a Nancy daga baya, kuma duk ranar da ma'aikatan gari suka zo datse bishiyoyin titinmu, sai na shiga banɗakin ofis na rufe ƙofa na toshe kunne.

'Yan kwana-kwana masu kai agaji da na kira daga bakin hanya ne suka fito da ita. Likita ya ce da ya matsa faɗin yatsa ɗaya, da babbar jijiyar wuya ya samu. Ƙashin kafaɗa ya karye, jijiyoyin hannu sun tsinke. Hannun hagu ba ya ɗaguwa, yatsun ba sa rufewa, kuma an ce haka zai zauna.

Asabar ɗin da ta biyo baya, ƙarar taraktoci ta tashe ni. Mazan ƙauyen ne, da 'ya'yansu da surukansu, kowa da zartonsa. Babu wanda ya kira su. Suka shiga gangaren, suka yanyanka abin da ya rage, suka kwaso har wanda muka jera a daji. Kafin tsakar rana sun gama. Abin da ya cinye mata kafaɗa tun Disamba, kafin tsakar rana. Suka jera shi a jikin bangon gidanta reras, suka rufe da kwanon rufi, suka ɗora duwatsu. Sannan suka zauna a bencinta suka buɗe kwalaben giya, suna maganar irin taurin itacen.

"Ki gaya mata an gama a kan lokaci," in ji Régis. Idonsa ya yi ja, ban sani ba ko ƙura ce. "Rabonta bai faɗi ba. Mu nan ba ma barin namu."

Na shiga gida na rufe ƙofa.

Fabrice bai ce mata ai na faɗa ba. A barandar asibiti na gan shi yana kuka, ya juya wa mutane baya. Da na gaya wa Gwaggo abin da mazan suka yi, sai ta juyo ta tambaye ni.

"Su nawa?"

"Kusan duka."

"To," ta ce. Ta juya wajen ɗanta. "Kawo kwalayenka. Yarjejeniya yarjejeniya ce."

Daga asibiti ba ta ma koma ta kwana a gidan ba. Ni da Fabrice muka kwashe kaya. Ya so ya sayar da itacen ya saya mata kujera mai kyau, Régis ya zo ya tsaya a ƙofa yana juya hula a hannu.

"Ka yi haƙuri, Fabrice, itacen rabo ba a sayar da shi. A murhun ƙauyen nan ake ƙona shi. Gidan da ba ya hayaƙi kuma ba shi da rabo."

"To me za a yi da shi?"

"Kwamiti zai duba."

Kwamiti ya duba, ya raba wa waɗanda suka yi aikin Asabar. Kafin ganye ya fara zuba bangon ya koma fayau, sai kwanon rufin a jingine.

Watan jiya na je ganinta a Dijon, hawa na huɗu. Ɗakin tsaf yake, taga tana kallon wurin ajiye motoci. Ta rame, amma bakin yana nan. Ta tambaye ni aiki, ta ce ina cin abinci kuwa, ta ce gashina ya yi kamar na wadda aka kora daga gida. Can ta ce, "Wa ya kwashi na ƙasan gangare, manyan nan?"

"Régis."

"Hmm. Zai cusa shi ya cika murhu, ya toshe iska, ya ce ba ya ci."

Hannun hagun yana kan cinyarta kamar ba nata ba. Abin ɗumama ɗakin yana jikin bango ta wannan gefen, fari, ba ya ƙara, ba ya wari.

"Sanyi nake ji," ta ce. "Murɗa mini abin nan zuwa uku. Fabrice ya ce kar ya wuce uku."